Kafin Ka Sunkuya Ka Ɗauki Wannan Buhun



Dogon hutu ya ƙarato, kuma na san da yawanku ba zaman gida za ku yi ba. Wani zai bi babansa shago a Kantin Kwari ko Singa, wani wurin buga bulo, wata kuma za ta taya mahaifiyarta kai niƙa da ɗebo ruwa. Abin a yaba ne. Sai dai duk shekara idan aka koma makaranta, ba a rasa wanda zai zauna a benci yana ta gyara zama, hannu a ƙugu kamar ɗan shekara 70. In ka tambaye shi, sai ya ce wani buhu ya ɗaga.

Mu fara da ɗan lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan jarkar nan mai lita 25 kilo 25 ce, guda biyu kuwa sun kai nauyin buhun siminti, wato kilo 50. Da yawa daga cikinku nauyin jikinku gaba ɗaya bai wuce haka ba. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada babban namiji ya ɗauki abin da ya haura kilo 55 shi kaɗai, na mata da matasa kuma ya yi ƙasa da haka sosai.

Ƙashin gadon bayanka jerin ƙananan ƙasusuwa ne, kuma a tsakaninsu akwai wani faifai mai laushi da ke aiki kamar gammo. Idan ka sunkuya daga ƙugu gwiwoyinka a miƙe, nauyin kayan da na rabin jikinka duk a kan gammon ƙasan baya suke sauka. Gwada da jakar makarantarka: rungume ta a ƙirji, sannan ka miƙa hannu ka riƙe ta nesa da kai. Jaka ɗaya ce, amma ka ji bambancin, ko? In faifan ya bultso ya danne jijiya, zafin har ƙafa yake sauka.

Je ka Kasuwar Dawanau ka kalli ɗan dakon da ya daɗe a sana'ar. Ba za ka gan shi yana kokawa da buhu daga ƙasa shi kaɗai ba. “Kama min,” zai ce, a ɗora masa. Kai ma kafin ka ɗaga, fara tura kayan da ƙafa ka ji nauyinsu, ka duba hanyar da za ka bi. Matsa dab da su, ka ɗan ware ƙafafu, ka tsuguna bayanka a miƙe, ka riƙe da kyau, sai ka tashi a hankali da ƙarfin cinyoyinka. Kada ka fizga. In za ka juya, juya da ƙafafunka, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Wajen sauke kaya daga mota, inda ake miƙon katan hannu da hannu cikin sauri, a nan murɗawar ta fi kama mutane.

'Yan mata, tulu ko bokitin da sai an ɗora miki, to sai an sauke miki. Kuma gara ki raba ruwan gida biyu, ɗaya a kowane hannu, da ki rataye shi gefe guda kina tafiya a karkace.

Amma ni a ganina, ba rashin sanin dabara ne ya fi karya samari ba. Gasa ce da kunya. Abokai na kallo, wani ya ce “kai rago ne,” sai ka cije ka ɗaga. Ko maigida ya nuna buhu, ka kasa buɗe baki. Babu rashin ladabi a cikin cewa, “Baba, wannan ya fi ƙarfina, bari in ɗauko baro ko in kira wani mu kama.” Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta hana a sa yaro ɗaukar kayan da za su iya cutar da girman jikinsa.

Kuma don Allah, duk wanda ya miƙo maka tiramadol wai don kada ka ji gajiya, ka ƙi karɓa. Zafin ne kawai za ta ɓoye, raunin na nan yana ƙaruwa, ga shi tana kama mutum ya kasa bari.

Ciwon baya na yau da kullum yakan lafa cikin 'yan kwanaki in ka huta da ɗaukar kaya. Amma idan zafin ya gangara ƙafa, ko ƙafar ta riƙa mutuwa, ko ka ga kumburi a mara ko matsematsi mai alamar ƙaba, faɗa wa iyayenka a je asibiti. In fitsari ya fara kufce maka kuwa, a ranar za a tafi, kada a tsaya tausa a gida.

Sai mako mai zuwa.