Majigin ɗakin taro: a auna ɗaki kafin a karanta kwali

A unguwar Koira Kano ta birnin Yamai, inda ƙungiyoyi da kamfanoni da dama suka kafa buro, da wuya a yi zaman kasafin kuɗi ko na kwangila ba a haska lissafi a bango ba. Idan na bayan ɗaki ya kasa bambanta 3 da 8, to kuɗin majigi sun faɗi banza, wata sa'a har da cinikin.

Abin dubawa na farko shi ne yawan ɗigon hoto. Samfurin XGA yana da 1024 sau 768, Full HD 1920 sau 1080, 4K kuwa 3840 sau 2160, wato ninki huɗu na Full HD. Ga ɗaki mai cin mutum ashirin, Full HD ya wadatar. Amma a yi hattara: kwali kan ce na'ura tana "karɓar" 4K, alhali abin da take fitarwa bai kai haka ba. Mai saye ya tambayi adadin ɗigon na asali.

Na biyu, ƙarfin haske, wanda ake aunawa da lumen. Ranar Yamai ba ta da sauƙi, kuma mahalarta suna bukatar haske don rubutu. Lumen 3.500 zuwa 4.000 ya dace da matsakaicin ɗaki mai tagogi.

Na uku, ƙura da zafi. Hazon hunturu yana toshe matatar iska, a Afrilu da Mayu kuma zafi kan wuce digiri 40. Majigi mai ƙwai yana bukatar canjin ƙwan bayan awa dubu kaɗan. Mai leza kan kai awa 20.000, sai dai ya fi tsada.

Na huɗu, kuran. Jama'a ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nigelec, har zuwa Maris 2024. Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana tsayar da fanka ƙwai na da zafi, ta rage masa kwana. Saboda haka kuɗin regilater da ondiler su shiga cikin lissafi tun farko.

Ɗan kasuwa da aljihunsa yake saye, ma'aikaci kuwa da dukiyar talakawa. Ya kamata dukansu su nemi a gwada na'urar cikin ɗakin da tsakar rana, da ainihin takardun aikinsu, a kuma ba su garanti a rubuce. Hausawa sun ce sayen nagari, mai da kuɗi gida.