Agogon Kilomita Ba Ya Ganin Yoyo

Akwai wata shawara da ta zama kamar karatun allo a bakin masu sha'awar motar tafi-da-gidanka a Amurka, wato irin motar nan mai ɗauke da gado da kicin da banɗaki a bayanta, wadda iyalai ke fita yawon hutu da ita. Shawarar ita ce, duk wanda zai sayi ta hannu ya guji wadda ta taɓa yin aikin haya. Hujjarsu ita ce ɗaruruwan baƙi ne suka tuƙa ta, babu wanda ya ɗauke ta tasa, ga kuma agogon kilomita ya yi nisa. Daga nan sai a nuna wa mai saye wata a bayan gidan wani dattijo, fes da ita, shekararta goma amma tafiyar da ta yi ba ta taka kara ta karya ba, a ce masa ga abin saye. Maganar tana da daɗin ji, sai dai wanda ya bi ta ido rufe yakan yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa shiga kasuwar motocin Beljiyam a Kano ko Kaduna ko Kwatano. Fenti da kilomita ake fara dubawa, sannan dillali ya ƙara gishiri da cewa mace ce ke hawanta, daga gida sai ofis. Ƙwararrun ma'aikatan da suka koma Amurka da zama sukan tafi da wannan ma'auni a kansu. A kan ƙaramar mota yana iya yin rabin aiki. A kan motar tafi-da-gidanka kuwa yaudara ce, domin ita abu biyu ce aka haɗa wuri guda, mota da gida, kuma agogon kilomita labarin motar kaɗai yake bayarwa.

A fara da motar. Kamfanin Cruise America, wanda aka kafa a 1972 kuma cibiyarsa ke garin Mesa a jihar Arizona, yana cikin manyan masu ba da hayar irin waɗannan motoci, kuma yakan sayar da su bayan sun yi 'yan shekaru suna aiki, sau da yawa bayan sun haura mil 100,000, wato kimanin kilomita 160,000. Akasarinsu an gina su ne a kan shasin Ford E-350 ko E-450. Wannan shi ne shasin da ake ɗora wa motocin ɗaukar marasa lafiya da ƙananan bas-bas na filin jirgi da motocin ɗaukar kaya. Injin da ya daɗe a cikinsu, mai silinda goma da girman lita 6.8, tun 1997 yake aiki, har aka maye gurbinsa da mai silinda takwas da lita 7.3 a samfurin 2021. An ƙera su ne don wahala, kayan gyaransu ba su da wuyar samu, bakanikai kuma sun san su ciki da waje. Inji irin wannan da ya sha doguwar hanya, ana sauya masa baƙin mai a kan kari, mil 100,000 ba su ƙarar da shi ba.

Gidan da ke bisa shasin shi ne inda kuɗi ke nutsewa. Bangonsa siririn falle ne na roba mai ƙarfi da aka manna a kan siririn katako da soso. Rufinsa shimfiɗar roba ce, kuma an huda ta a wurare da dama: wurin na'urar sanyaya ɗaki, tagar sama, bututun fitar da warin banɗaki, eriya. Kowace huda gam ne ke tsare ta daga ruwan sama. Rana tana busar da gam ɗin, sanyi yana tsattsaga shi, jijjigar hanya tana buɗa shi. Da zarar ruwa ya sami kafa, sai ya bi cikin bango a hankali, katakon ya ruɓe, fallen waje ya rabu da shi ya yi kumburi, daɓen ƙasa ya yi laushi, fumfuna ta kama. Wurin da ya fi shan wannan wahala shi ne gadon da ya leƙo bisa kan direba, domin shi ke fara karo da iska da ruwa. Inji idan ya mutu ana iya sauke shi a ɗora wani, kuma bakanike zai faɗi kuɗinsa tun kafin ya fara. Bangon da ya ruɓe kuwa sai an fara ɓarewa ake sanin inda ɓarnar ta tsaya, kuma gyaran kan kai ga zarce darajar motar baki ɗaya. Duk wannan yana iya faruwa agogon kilomita bai motsa ba.

Shi ya sa motar dattijon nan ta bayan gida ta fi cancantar a yi mata kallon tuhuma. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Tayar da ba ta birgima tana tsufa a tsaye, gefenta ya tsattsage alhali zanen samanta yana nan kamar sabo. Fetur ɗin da ya kwana watanni a kafireton janareto yana daskarewa ya toshe shi, dalilin da ya sa masu ƙera janareton ke cewa a riƙa kunna shi kowane wata da lodi a kansa. Birki yana tsatsa, batir yana mutuwa, ɓeraye suna cin wayoyi. A jihohin da ake ƙanƙara, idan ba a tsiyaye ruwan bututu kafin hunturu ba, bututun ya fashe a cikin bango. A 2021, lokacin da annobar korona ta sa jama'a gudun jirgi da otal, masana'antar ta fitar da ɗakunan tafi-da-gidanka 600,240, har da waɗanda ake ja da wata mota, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba. Da yawa daga masu sayen sababbin shiga ne. Wanda bai taɓa sanin ana hawa rufi a duba gam ba, ƙarancin kilomitarsa ba shaidar kulawa ba ce.

Motar haya kuwa ba ta samun wannan hutu mai kisa. Duk ranar da ta kwana a gareji asara ce ga kamfani, saboda haka akwai mai duba ta duk lokacin da aka dawo da ita, akwai jadawalin sabis, akwai mai haya na gaba da zai yi ƙorafi idan famfo bai kawo ruwa ba. Haka nan an saba gina ta ba tare da tarkacen ƙawa ba. Yawancin motocin Cruise America ba su da ɗakin nan mai zamewa waje da ake buɗewa idan an tsaya, wanda shi kansa wata ƙofar yoyo ce da injin da ke iya maƙalewa. Abin da ba a sa ba, ba zai lalace ba.

Amma a nan ne ɓangare na biyu na masu ba da shawara ke yin nasu kuskuren. Su cewa suke tunda kamfani ne ya riƙe ta, magana ta ƙare. Tsugune ba ta ƙare ba. Kamfani yana kula da mota ne gwargwadon abin da zai sa ta ci gaba da kawo kuɗi, kuma yana sayar da ita ne a daidai lokacin da lissafinsa ya nuna cewa ɗawainiyarta za ta fara hauhawa. Wannan ba laifi ba ne, kasuwanci ne, amma mai saye ya sani cewa shi zai gaji wannan ɗawainiyar. Masu haya kuma akasari ba su taɓa tuƙa abu mai tsawon nan da tudun nan ba. Sukan goga rufi a reshen bishiya, su daki ginshiƙin gidan mai da gindin mota wajen juyawa, su taka birki tun daga kan dutse har ƙasa maimakon su sauko da giya. Wasu motocin sun je bikin Burning Man a hamadar Black Rock ta jihar Nevada, inda ƙura mai kanwa ke shiga janareto da na'urar sanyaya ɗaki da kowane lungu. Sabuwar katifa da sabon yadin kujera da goge tambarin kamfani daga jikin bodi ba su warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ado ne, kuma ado shi ne mafi arha a cikin gyara.

Hatta kalmar "mai ita ɗaya" ta rasa ma'anarta. Tun da dandamali irin su Outdoorsy da RVshare suka ba kowa damar ba da hayar motarsa, motar mutum ɗaya tana iya zama ta haya ita ma, sai dai babu gareji, babu jadawali, babu rajista.

Dokar ma ba ta tsaya wa mai saye yadda yake zato ba. Hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka tana da ƙa'idar da ta tilasta wa dilolin motocin hannu manna takarda a gilashi mai bayyana ko akwai garanti ko babu. Amma ƙa'idar ta tsaya ne a kan motocin da nauyinsu da kaya bai kai fam 8,500 ba, su kuwa waɗannan sun wuce haka nesa ba kusa ba. Rahoton tarihin mota irin na Carfax yana iya nuna haɗari ko sauyin mallaka, amma bai san ranar da aka hau rufi aka sabunta gam ba.

Abin da ya rage shi ne shaida, kuma gani ya kori ji. Mai saye mai hankali zai nemi tarihin gyaran wannan motar ita kanta, mai ɗauke da lambar shasinta mai haruffa da alƙaluma 17, da ranaku da kilomitar kowane sabis: baƙin mai, man giyabos, ruwan lagireto, birki. Jadawalin da kamfani ke cewa yana bi ga dukkan motocinsa alkawari ne kawai. Wanda ya ƙi nuna takardar ya riga ya ba da amsa. Da wannan lambar ce kuma ake dubawa kyauta a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ko akwai wani kiran gyara na masana'anta da ba a yi ba. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu na ƙarshe masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma kamfanin Michelin da kansa ya ce taya ta wuce shekara biyar a riƙa kai ta bincike duk shekara, ta kai goma a cire ta ko yaya take. Janareto yana da nasa agogon na sa'o'i. A tayar da injin yana sanyi a saurara, domin mai silinda goman nan an san shi da karya kusoshin da ke riƙe bakin bututun hayaƙi, kuma ƙarar tana fitowa ne kafin ya ɗumama.

Sai a koma gidan. A hau rufi, a danna kusurwoyi da yatsa, a ɗaga katifar da ke bisa kan direba, a buɗe kowace durowa a shinshina, a tsaya a gefen motar a hango bangon a karkace don ganin kumburi, a taka daɓen kusa da banɗaki da ƙofa. Sama da duka, a sa na'urar auna danshi. A Ingila, inda binciken ɗakin motar na shekara-shekara ya zama al'ada, awon da bai kai kashi 15 cikin ɗari ba ana ɗaukarsa lafiya, wanda ya haura 20 kuwa alama ce ta cewa ruwa ya shiga. A Amurka akwai ƙungiyar masu binciken irin waɗannan motoci, NRVIA, mai ba da shaidar ƙwarewa, kuma mai bincike yana iya ɗiban baƙin mai da man giya ya aika ɗakin gwaji. Sharaɗin dai shi ne mai saye ya zaɓe shi, shi ya biya shi. Binciken da mai sayarwa ya yi wa kayansa talla ce.

Ba a musun cewa yawan kilomita yana da nasa nauyin. Giyabos da ƙafafun mota suna gajiya, kuma ranar da za a sake sayar da ita, mai saye na gaba zai zo da irin tsoron da ake magana a kai ya karya mata farashi. Amma wannan nauyi ne da ake iya lissafawa a cire daga kuɗin ciniki, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ruɓar da ke ɓoye a bango kuwa ba ta shiga lissafi sai bayan an biya. Motar haya mai busasshen bango da cikakkun takardu ta fi ta dattijo mai ƙyalli da ba a san ranar da aka hau rufinta ba. Motar haya marar takardu, wadda aka hana sa mata na'urar danshi, a bar wa mai ita abarsa ko da ya zubar da farashin.