Gudu Ne Ke Kifar Da Jirgi A Njuwa, Ko Kuwa Lodi?

Duk ɗan Adamawa da ke neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ba zai manta da watan Satumba na 2023 ba. A watan ne wani kwale-kwale ɗauke da mutane fiye da 20, galibinsu manoma da 'yan kasuwa, ya taso daga Rugange zai fita Yola, ya kife a tafkin Njuwa. Ba a gama zaman makoki ba sai ga labarin wani a Gurin, cikin Ƙaramar Hukumar Fufore. Duk lokacin da irin wannan ya faru, sai a ji masu cewa maganin abin shi ne a ƙayyade gudun jiragen ruwa kamar yadda aka ƙayyade na motoci.

Ba a ce maganarsu banza ce ba. Jirgi mai inji idan ya wuce a guje, igiyar ruwan da ya tayar ta isa ta juye ƙaramin kwale-kwalen masunci, ko a Binuwai ko a tafkin Geriyo. A Ingila ma an shafe shekaru ana gardama a kan tafkin Windamiya, har dokar mil 10 a awa ta fara aiki a 2005. Amma fa can masu hali ne ke tsere don nishaɗi. Matar da ta ɗoro buhun masara daga Rugange ba tsere ya fito da ita ba, kasuwa take so ta riska.

Abin da ke cin rayuka a ruwan Arewa sananne ne. Jirgin katako ne da ya tsufa, a cika shi da mutane da buhuna da babura, har bakinsa ya kusa shan ruwa. Ga damina, kogi ya cika, wani lokaci ma an saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru. Iska kaɗan ta taso, jirgin da bakinsa bai fi taƙi ɗaya a saman ruwa ba, ina zai tsaya? Ko tafiyar hawainiya yake yi, zai nutse. A Patigi ta Jihar Kwara, cikin Yunin 2023, mutane fiye da 100 suka halaka suna komowa daga biki cikin dare, kuma lodi aka fi zargi.

Har wa yau, wa zai auna gudun? Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta tana Lakwaja. Dokokinta sun hana tafiyar dare, sun wajabta rigar ceto, amma ma'aikatanta ba za su iya tsare kowane mashigi ba. Ƙidaya kawuna kuwa ba ta bukatar na'ura. Sarkin ruwa da shugabannin masu fito suna bakin gaɓa kullum, sun san kowane jirgi da mai shi. Ya kamata Gwamnatin Adamawa ta shata layi da fenti a jikin kowane jirgi, ta ba su ikon hana tashi idan ruwa ya rufe layin, ta kuma tsaya musu idan mai jirgi ya yi gardama.

Mazauna Ikko sun ga yadda ake yi a Ikorodu, inda ake miƙa wa fasinja rigar ceto kafin ya shiga jirgi, tun bayan da jihar ta kafa hukumarta ta ruwa a 2008. Lalle akwai masu karya dokar a can ma, amma ta zama abin da fasinja ke iya tambaya ba tare da an yi masa dariya ba. To, ɗan unguwar Bako da ke Agege, wanda ya tara kuɗi zai saya wa ƙanensa injin jirgi, sai ya haɗa da riguna daidai da yawan mutanen da jirgin ke ɗauka. Ƙungiyoyin 'yan Adamawa a Kudu, masu tara gudummawa duk sa'ad da aka yi rasuwa a gida, suna iya ware wani abu daga asusun nan su aika da rigunan mashigin Rugange tun kafin ruwan Agusta.