Rediyon Tauraron Ɗan'adam: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

A 'yan shekarun nan da wayar hannu ta kawo kasuwar hannun jari har cikin ɗakunan samari, ba ka rasa jin wani yana ce maka ya samu kamfanin da zai zuba 'yan kuɗinsa, kuma hujjarsa ita ce wai kamfanin na Amurka ne, ƙasar da doka ke aiki, saboda haka ba a cutar mutum. To bari mu ɗauki sana'a guda, wato rediyon tauraron ɗan'adam, mu bi diddiginta mu ga wa dokar ta tsare da rana ta ɓaci.

A shekarar 1997 hukumar kula da sadarwa ta Amurka, FCC, ta yi gwanjon lasisi biyu rak na watsa rediyo daga tauraro kai tsaye zuwa motocin mutane. Kamfanonin da daga baya aka sani da XM da Sirius su ne suka saye, kowanne ya biya sama da dala miliyan 80. Hukumar ta gindaya musu sharuɗɗa, kuma biyu daga ciki ya kamata a riƙe. Na farko, ba a yarda ɗayansu ya mallaki ɗaya ba, don kada a wayi gari mutum guda ke yanka farashi yadda ya ga dama. Na biyu, su ƙera akwatin rediyo wanda zai iya kama tashoshin duka biyun. XM ya fara watsa shirye-shirye a 2001, Sirius ya biyo baya a 2002. Tun kafin Sirius ya fara aiki ma, a shekarar 2000, hannun jarinsa guda ya haura dala 60.

Daga nan sai aka shiga tseren neman masu biyan kuɗin wata, kowa yana watsa dukiya kamar ba gobe. Sirius ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 500 ta shekara biyar da Howard Stern, wani mai gabatar da shiri da ya yi suna wajen batsa, wanda tarar da hukuma ta riƙa ci saboda kalamansa ta sa rediyon gari ta yi masa ƙunci. A cikin wannan tsere ne aka taka doka. Yawancin akwatunan da ake liƙawa a mota suna ɗauke da wata 'yar na'ura mai tura sauti zuwa rediyon motar ta kan zangon FM, kuma doka ta iyakance ƙarfinta don kada ta wuce motar mai ita. A 2006 aka gano cewa da dama daga cikinsu sun zarce iyaka. Sai ka ga bawan Allah yana tuƙi yana sauraron tashar ilimi ko ta addini, wata mota ta matso kusa da shi, kwatsam sai batsar Stern ta faɗo masa cikin mota, ga iyalinsa a zaune. Sirius da bakinsa ya amsa cewa wasu ma'aikatansa ne suka nemi masu ƙera akwatunan su yi su ba bisa ƙa'ida ba. Ashe ba kuskure ba ne, ganganci ne. Shi kuwa XM sai da ya dakatar da fitar da wasu akwatunansa, ya kuma rage adadin masu saye da ya yi wa masu jari alkawari, har sau biyu a shekarar. Ban da wannan, an samu turakun da suka kafa a birane don ƙarfafa sautin tauraro, da yawansu ba a inda aka ba da izini suke ba, wasu kuma ƙarfinsu ya fi wanda aka rubuta.

To, me hukuma ta yi? A watan Yulin 2008 aka zauna aka sasanta: XM ya biya tarar dala miliyan 17.4, Sirius ya biya miliyan 2.2. Ka haɗa duka biyun, ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake kashewa kan shirin Stern a shekara guda ba. Kuma a wannan watan dai, da ƙuri'a 3 da 2, hukumar ta amince kamfanonin biyu su narke su zama ɗaya, wato ainihin abin da ta haramta da hannunta a 1997. Hujjar da aka kawo ita ce wai zamani ya canza, rediyon gari da na'urorin sauraron kiɗa da intanet duk abokan gasa ne. Akwatin nan mai kama tashoshi biyu kuwa, har lokacin bai shiga kasuwa ba, shekara 11 bayan an yi sharaɗin. Abin da aka ba talaka don a rufe masa baki shi ne ba za a ƙara kuɗin wata ba har shekara uku.

A nan ne nake ganin masu sharhin kasuwa na wancan lokaci suka karkatar da hankalin jama'a. Sun cika kunnuwa da batun ko hukuma za ta ci tara, ko za ta amince da haɗewar, kamar dai hukumar ce dodon da za a ji tsoro. Dodon yana can cikin littafin bashi. Sabon kamfanin Sirius XM ya fito da bashin sama da dala biliyan 3 a wuyansa, kusan biliyan ɗaya daga ciki wajibi ne a biya a 2009, daidai lokacin da bankuna suka rufe ƙofa, cinikin motoci kuma ya faɗi warwas, alhali ta sababbin motoci ne yake samun masu saye. A watan Fabrairun 2009 hannun jarin ya sauko zuwa senti 5. Wanda ya saya a dala 60 sai ya yi lissafi da kansa.

Ana gab da zuwa kotun fatara sai ga attajiri John Malone na kamfanin Liberty Media da tayin rancen dala miliyan 530, kashin farko a kan kuɗin ruwa 15 cikin ɗari. Ba wannan ribar kaɗai ba, a kan rancen aka miƙa masa kashi 40 cikin ɗari na kamfanin a kan dala 12,500, kuɗin da bai kai na sabuwar mota ba. Kafin shekarar ta ƙare an biya shi bashinsa, kason kuma yana hannunsa, kuma a farkon 2013 hukumar nan dai ta amince masa ya riƙe ragamar kamfanin gaba ɗaya. Duk wannan bisa doka aka yi shi, babu wanda aka kama. Masu ƙananan hannun jari, waɗanda kuɗinsu ya harba taurarin, su aka rage wa kaso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu ma nan Afirka labarin ya taɓa mu. Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa kamfanin WorldSpace a 1990 da burin kai ilimi da labarai ƙauyukan da rediyon gari ba ya isa, kuma kamfaninsa na cikin waɗanda suka fara zuba jari a XM. An harba tauraronsa AfriStar a 1998. Buri mai kyau, amma akwatin a farko ɗaruruwan daloli ne, a nahiyar da manomi ke kama BBC da Muryar Amurka da ƙaramin akwati mai batir biyu, kyauta. A watan Agustan 2005 aka sayar wa jama'a hannun jarinsa a kan dala 21 kowanne, a watan Oktoban 2008 ya nemi kariyar kotun fatara, yana da masu biya da ba su kai 200,000 ba, akasarinsu a Indiya. Shi kuwa bai samu ceto ba, domin babu motocin Amurka a bayansa.

Sirius XM dai ya rayu, ya kuma zama mai samun riba, wannan ba a musu. Amma masu biyansa sun tsaya cak a wajen miliyan 33, bayan sun kusa miliyan 35 a 2019, saboda yaran yanzu wayarsu suke haɗawa da mota. Halin nasa na dā kuma bai bar shi ba. A watan Disambar 2023 babbar lauyar gwamnatin jihar New York ta maka shi a kotu kan yadda yake wahalar da wanda ke son ya daina biya, a riƙe shi a waya ana ta yi masa tayi bayan tayi, kuma a Nuwamban 2024 alƙali ya yanke cewa tsarin ya saɓa wa dokar tarayya. Wata biyu kafin hukuncin, kamfanin ya dunƙule kowane hannun jari goma ya mai da su guda, don farashin ya yi kyan gani a allo. A 2025 sama da kashi ɗaya cikin uku na kamfanin yana hannun Berkshire Hathaway na attajiri Warren Buffett.