Jiragen Tururi Na Kogin Kwara: Kada Labarinsu Ya Bi Ruwa

Kwanakin baya muna hira a ƙofar gidanmu da ke Maitumbi, sai na tambayi ƙannena ko sun san an taɓa yin zamanin da jiragen ruwa masu aiki da tururi ke hawowa Kogin Kwara, suna jan kaya har cikin wannan jiha tamu ta Neja. Dariya suka yi mini, wai ina yi musu tatsuniya. Wannan dariya ita ta sa na ɗauki alƙalami.

A shekarar 1857 wani jirgin tururi mai suna Dayspring ya hawo kogin ɗauke da Dokta Baikie da Samuel Ajayi Crowther. A watan Oktoba ya daki dutse kusa da Jebba ya farfashe. Mutanensa suka tsira da rayukansu, suka zauna a bakin gaɓa kimanin shekara guda kafin wani jirgi mai suna Sunbeam ya zo. Daga baya an tsamo farfelarsa da wasu ƙarafunan injinsa aka ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba. Shi kuwa Baikie ya zauna a Lokoja, inda ya tattara kalmomin harsuna da dama, ya kuma yi fassara zuwa Hausa. Ke nan tarihin nazarin harshenmu yana da alaƙa da wannan jirgi.

Bayan shekara 50, a 1907, aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, ya ratsa Minna, ya isa Kano a 1911. Ta ruwa aka kawo ƙarafunan aikin zuwa Baro lokacin da kogi ya cika. Daga nan gyaɗa da auduga suka riƙa gangarowa ta layin, ana loda su a manyan jiragen dako marasa inji, jiragen tururi na jan su zuwa Burutu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya wannan zirga-zirga. An ƙaddamar da sabuwar tashar ruwa a Baro a 2019, amma waɗancan jirage sun tafi ke nan.

Wani zai ce, me ya dame mu da tarkacen Turawan mulkin mallaka? To, ai su wa suka saro itacen da ake hura wa injin? Su wa suka nuna wa matuƙa hanya tsakanin duwatsu da rairayi? Su wa aka kwasa aikin tilas na layin dogo? Nufawa ne da Kakanda da Gwarawa da Hausawa, wato kakanninmu. Idan muka yar da labarin jirgin, guminsu muka yar.

Mu ɗaliban harshe kuwa abin ya fi shafar mu. Kalmar "jirgi" tun asali ta ruwa ce. Da na ƙasa ya zo sai Bahaushe ya ara masa ita, haka ma na sama. To, wane suna ma'aikatan tashar Baro ke kiran mai hura wutar inji? Waɗanne waƙoƙi 'yan dako ke yi idan suna lodin gyaɗa? Waɗannan a bakin tsofaffi suke, kuma kullum ana rage su.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana masu neman batun kundin kammala digiri, mu rage cincirindo a kan littattafan da aka riga aka yi wa nazari goma. Mu ɗauki rikoda mu nufi Baro da Jebba, mu zauna gaban dattawa. Malamanmu kuma su ƙarfafa mana gwiwa, sashe ya tanadi wurin adana abin da muka naɗo. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya adana ta yake samu.

Allah Ya ba mu ikon yi, amin.