SHARHI: Dogayen Benaye a Tsakiyar Birnin Kano da Abin da Ya Shafi Mutanen Karkara

Duk wanda ya kwana biyu bai shiga birnin Kano ba, idan ya bi ta titin Ibrahim Taiwo ko titin Murtala Muhammad a yau, zai tarar da yawancin kantunan ƙasa da ya sani sun koma benaye masu hawa uku ko huɗu, wasu an kammala, wasu kuma rodi ne a tsaye yana jiran siminti. Wannan sauyi ya jawo muhawara a tsakanin jama'a. Wasu na ganin lokaci ya yi da Kano za ta mallaki unguwar kasuwanci mai dogayen gine-gine irin na Legas da Abuja, wasu kuma na ganin cunkoson da ake ciki ma ya isa. Mu a namu ganin, maganar ta wuce mazauna birni. Manomin Kafin Dafga a Ƙaramar Hukumar Karaye da ɗan kasuwar Rogo da ke zuwa sarin kaya Kantin Kwari duk suna da hannu a cikinta, domin kuɗinsu da ruwan yankinsu da ƙarfin 'ya'yansu na cikin abin da ake gina benayen da shi.

Kamar yadda tarihi ya nuna, cibiyar cinikin Kano ta farko ita ce Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Isowar jirgin ƙasa a shekarar 1911 ita ta janyo harkar ciniki zuwa wajen ganuwa. Kamfanonin Turawa suka gina kantuna da rumbunan ajiya a kusa da tasha, Kwarori suka zauna a gefen Fagge, daga baya bankuna suka jeru a titin Banki da titin Legas, inda reshen Babban Bankin Nijeriya yake. Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita a wancan zamani, gyaɗar manoman karkara ce aka tara ana jiran taragon jirgi. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnati ta shigo da nata manyan gine-ginen, irin su Sakatariyar Audu Baƙo da Gidan Murtala.

Abin lura a nan shi ne, Kano ba ta taɓa tattara kasuwancinta a wuri guda ta ɗaga shi sama ba. Sarƙa ce ta kasuwanni da ta taso daga Kurmi, ta bi ta Ƙofar Wambai da Kwari da Singa, ta dangana da Sabon Gari. Tsarin raya birnin na shekara ashirin da masanin tsara birane Trevallion ya shirya, daga 1963 zuwa 1983, wa'adinsa ya ƙare tun da daɗewa, alhali ƙidayar 2006 ta nuna mutanen jihar sun haura miliyan 9, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu na zaune a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewayensa.

Akwai dalilin da ya sa garin ya yi faɗi maimakon tsawo, kuma dalilin na kasuwa ne. Cinikin Kano na kaya ne masu nauyi: dilar atamfa, buhun sukari, katan na sabulu. Mai irin wannan haja ƙasa yake so, inda mai saye zai gan shi, ɗan dako kuma ya ɗauka ba tare da hawa matakala ba. Shi ya sa a filazojin kasuwa shagon ƙasa ya fi tsada, na sama kuma sau da yawa sito ake mayar da shi. A biranen da harkar ofis da banki ta fi ƙarfi, hawa na sama ne ake rububi. Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nasarawa, wanda ke cikin gine-gine mafi tsawo a birnin, ya ishe mu misali. Da aka kafa Jami'ar Northwest a 2012, a cikinsa ta fara zama, ɗalibai suka cika ɗakunan da a wani gari manyan kamfanoni ne za su yi layin kamawa. Ko rukunin kantunan zamani na Ado Bayero da aka buɗe a titin Gidan Zu a 2014, babban kantin Shoprite da ke cikinsa ya rufe a farkon 2024, alhali Singa da Kwari na nan cike maƙil.

To, me ya kawo benayen da muke gani yanzu? Tsadar fili ce. Idan taku goma na ƙasa a bakin kasuwa ya kai kuɗin gona sukutum, mai filin ba shi da zaɓi illa ya ɗora shago a kan shago. Wannan lissafi daidai ne a wurin mutum ɗaya. Matsalar tana tasowa ne idan mutum ɗari suka yi shi a kan titi guda, ba a ƙara faɗin titin ba, ba a ƙara zurfin lambatu ba, ba a kuma bar wurin da tirela za ta tsaya ta sauke kaya ba.

Yana da kyau mu leƙa wasu garuruwan da su ma ba sa bakin teku. A Ibadan, a shekarar 1965 aka kammala Cocoa House, bene mai hawa 26, da kuɗin kokon da manoman tsohuwar Jihar Yamma suka noma, wato kokon da ake yin cakulan da shi. Gobara ta cinye shi a 1985, sai a 1992 aka sake buɗe shi. A Afirka ta Kudu kuwa, birnin Johanasbag ya gina Carlton Centre mai hawa 50 da tsawon mita 223 a 1973, ya daɗe yana riƙe da kambun gini mafi tsawo a Afirka. Amma da tsaro da tsafta suka taɓarɓare a tsakiyar garin, kamfanoni suka yi ƙaura zuwa unguwar Sandton, har kasuwar hannun jari ta bi su a shekarar 2000. Benaye da yawa suka zama kango, marasa galihu suka tare a ciki ba ruwa ba wuta. A watan Agustan 2023 gobara ta tashi a ɗaya daga cikinsu, mutum fiye da 70 suka rasu. Ƙasar da ta fi mu lantarki da kuɗin shiga ke nan, ta kasa riƙe abin da ta gina da zarar kulawa ta yi rauni.

Dogon bene yana da ci. Yana buƙatar wuta dare da rana saboda lifta da injin tura ruwa sama, yana buƙatar ruwa mai yawa, yana kuma buƙatar motar 'yan kwana-kwana mai tsanin da zai kai ƙololuwarsa da hanyar da motar za ta bi ta iso. A nan ne maganar ta dawo gida. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, a ƙasar Karaye take, kuma tana iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Ruwan da ake saki daga cikinta shi ke bin kogin Challawa zuwa matatun da ke shayar da birnin Kano. An tashi ƙauyuka, gonaki sun nutse kafin a samu wannan tafki, kuma har gobe akwai garuruwa a yankin da rijiya da burtsatse suka dogara da su. Haka nan aikin samar da lantarki na jiha, megawat 10 a Tiga da megawat 6 a Challawa, a kan ruwan karkara aka ɗora shi. Saboda haka idan wakilan Karaye da Rogo suka nemi a sa garuruwansu cikin lissafi duk lokacin da ake tsara ruwa da wutar birni, haƙƙinsu suke nema, kuma ya kamata su riƙa nemansa a rubuce lokacin shirya kasafin kuɗi, tun kafin a rufe littafi.

Idan ba a manta ba, a watan Maris na 2016 gobara ta laƙume shaguna masu ɗimbin yawa a kasuwar Sabon Gari, kuma cunkoson rumfuna da tebura a kan hanyoyin cikin kasuwa na daga abin da ke hana masu kashe gobara isa wurin da wuta take a irin wannan hali. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya na maƙudan kuɗi, inda 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. A ƙarshen watan Agustan wannan shekarar kuma wani bene da ake kan ginawa a titin Beirut ya rufta a kan jama'a. Su wane ne leburori da masu kwaɓa siminti a irin waɗannan gine-gine? Mafi yawansu 'yan cirani ne, matasanmu da ke barin gida bayan an gama girbi. Idan ɗan kwangila ya rage rodi ko ya ƙara yashi don ya tsira da riba, gawar ƙauye ake kawowa.

Sai kuma batun rusau na watan Yunin 2023, lokacin da aka rushe shagunan filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Maganar ta kai kotu, daga bisani aka yi sulhu da 'yan kasuwar filin Idi a kan diyyar naira biliyan 3. Ba hurumin wannan sharhi ba ne ya raba gardamar siyasa da ta biyo baya. Abin da ya dame mu shi ne ƙaramin mai saye, wanda ya sayar da shanu ko amfanin gonar shekara biyu ya kama shago a hannun dillali, bai taɓa ganin takardar filin ba, bai kuma san ko Hukumar Tsara Birane ta KNUPDA ta amince da zanen ginin ba. Muna jan hankalin jama'armu da cewa rasit ɗin dillali ba takardar mallaka ba ce. Kafin mutum ya biya ko sisi, ya nemi ganin shaidar mallakar fili da izinin gini, ya kai lambarsu ofishin filaye a bincika masa. Wanda ya ƙi nuna takarda, ya riga ya ba da amsa.

A shekarun nan an ɗauki hanyar rage wa tsakiyar gari nauyi ta fitar da wasu harkoki waje. An gina sabuwar kasuwar zamani a Dangwauro kan titin Zariya, inda hukumomi suka matsa wa masu sarin magani na Sabon Gari su koma a 2024. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023. Kasuwar hatsi ta Dawanau dama tun tuni a wajen gari take, kuma babu mai cewa rashin bene ya rage mata daraja. A ganinmu wannan hanya ta fi dacewa da irin cinikin Kano fiye da gasar tsawon gini. Sai dai ita ma tana da nata kuɗin, kuma manomi ne ke biya, domin duk inda gari ya miƙa ƙafa, gona yake takawa. Mai bin titin Gwarzo daga Kabuga zuwa Rijiyar Zaki da Janguza ya ga yadda awon igiya ya cinye gonaki, aka yanka fuloti ba titi ba makaranta ba filin maƙabarta.

Ya kamata dagatai da masu unguwanni su fahimtar da jama'a abin da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Filin da aka ayyana a matsayin birni yana hannun Gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakarsa ta gargajiya. Idan hukuma ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta sani ta gini ce da shuka da itatuwa da sauran aikin da aka yi a kan filin. Manomin da ba shi da wata shaida a rubuce, ranar da aka zo awo shi ne ƙarshen layi, kuma shi ne dillalai suka fi saurin ruɗa ya sayar da arha tun kafin labarin aikin ya fito fili.

Wani zai ce Karaye da Rogo ina su ina matsalar bene. Amsar ita ce Kwari ma da kantunan ƙasa ta fara. A hedikwatocin ƙananan hukumominmu an soma ganin shaguna na tasowa a bakin tasha da gefen kasuwa, wasu a kan hanyar ruwa, wasu an ɗora musu hawa na biyu bisa harsashin da aka haƙa don hawa ɗaya, ba tare da injiniya mai rajista ya duba ba. Kuɗin shiga da majalisar ƙaramar hukuma ke samu daga raba irin waɗannan shaguna yana da daɗin karɓa, amma bai kai kuɗin gyaran ɓarnar ambaliya guda ɗaya ba.

Yanzu da fili ke da sauƙi ne ya dace shugabannin ƙananan hukumomin biyu, tare da sassan ayyuka da na filaye, su zauna da Masarautar Karaye, wadda dokar 2024 ta bar mata Karaye da Rogo, a fitar da taswirar kowace babbar kasuwa. A shata hanyar da mota za ta ratsa kasuwa daga wannan baki zuwa wancan, a keɓe wurin lodin masara da dawa da rake nesa da bakin kwalta, a kafa turaku a iyakar makarantu da asibitoci da filayen Idi, sa'annan a ajiye kwafin taswirar a ofishin hakimi da na dagaci, inda duk mai son sayen shago ko fuloti zai je ya duba kafin ya kai kuɗinsa.