Da Tsohuwar PS2 Ake Magani

A hutun da ya wuce na je gida Bauranya, na tarar da Inna da Kaka da ƙannena uku sun haɗa kai a kan wayar Yaya, suna kallon bidiyon bikin yayata da aka kai Zariya. Kaka ta ɗan leƙa, ta ja da baya, ta ce, "Ni fa inuwa kawai nake gani, ku dai ku ba ni labari." Maganar ta tsaya mini a rai. Ga talabijin a ɗaki, ƙaramar inbata na iya tayar da ita, amma tsohuwa ce, ba ta da ramin filashi. DVD ɗinmu ta mutu tun ina sakandare, kuma ko da tana raye, wa yake buga faifai yanzu?

A ƙarƙashin gadon Yaya akwai wani kwali, cikinsa PS2 siririya. Ita kaɗai ta rage daga gidan gem ɗin da ya taɓa buɗewa a Kankiya, kafin yara su koma waya da PS4. Idonta ba ya karanta faifai, adaftarta ta ƙone. Yaya ya ce jira yake ɗan jari-bola ya biyo ta layinmu. Na ce, "Yaya, ba ni ita mako biyu."

Ga abin da na yi, don wanda ke da irinta a gida. Adaftar PS2 siririya ta farko bolt 8.5 take fitarwa, batirin solarmu kuwa 12 ne, don haka na nemo ƙaramin allon rage ƙarfin wuta na sa a tsakani. Na farko ya yi zafi har ya yi ƙauri, saboda ban lissafa yawan wutar da na'urar ke ja ba. Laifina ne, kuma a ranar na gane wani darasi da na haddace na ci jarrabawarsa ban san me yake nufi ba. Na biyu na sayi babba, na ɗaura masa ƙarfen shanye zafi. Daga nan wani mai gyaran gem ya sa mini Free McBoot a memorin PS2 mai 8MB. Ita ce manhajar da ke buɗe wa na'urar ƙofa ta karɓi shirye-shiryen da ba na kamfanin Sony ba. A kai na ɗora wata da ake kira SMS, mai kunna bidiyo da sauti daga filashi.

Kada wani ya ɗauka abin a sama yake kamar tsintar mangwaro. SMS ba ta son irin bidiyon da wayoyinmu ke ɗauka, sai ka juya shi zuwa AVI a kwamfuta. Ramin filashin PS2 tsohon yayi ne, USB 1.1, idan bidiyon ya yi nauyi sai ya riƙa sarƙewa. Filashin sai an tsara shi a FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura 4GB. Wasu PS2 na ƙarshe-ƙarshe masu lamba 9000 ma ba sa karɓar Free McBoot, ka duba lambar taka kafin ka kashe kuɗi. Kwana tara na yi ina wannan fama. A dare na goma Kaka ta zauna a tabarma ta ga jikarta cikin lalle, ta gane kowa, har tana faɗin sunan wadda ta fi kowa rawar kai. Ta juyo ta ce, "Mai gidan, ashe karatun nan naka ba na cin kuɗin ubanka ba ne kawai."

To, ga inda nake son mu yi magana, 'yan uwana ɗalibai. Da muka dawo makaranta na rubuta wannan aikin a matsayin taken furojet ɗina. Amsar da na samu, cikin raha, ita ce wannan ai aikin masu gyaran rediyo ne. Ban yi musu ba, malami malami ne. Na ɗauki taken da aka ba ni, irin wanda 'yan ajin bara suka yi, su ma sun gada daga na bara waccan. Amma mu gaya wa juna gaskiya tunda mujallarmu ce. Mu nawa ne za mu haɗa furojet ɗinmu da hannunmu? Mun san inda ake sayen babi na ɗaya zuwa na biyar. Mun san mai haɗa akwatin, mun san farashinsa. Ranar difens a danna maɓalli, fitila ta kama, a tafa, a kai akwatin sito ya haɗu da ƙura. Wallahi akwai wanda idan aka ce ya buɗe akwatin nasa ya nuna inda wuta ke shiga, sai zufa ta keto masa.

Ra'ayina shi ne, gyara abin da ya mutu da sauya masa aiki ya cancanci zama furojet ɗin difloma, kuma ya fi wanda aka saya nesa ba kusa ba. Dalili mai sauƙi ne: ba a sayen sa. Kowace tsohuwar na'ura da irin ciwonta. Dole ka riƙe mita, ka auna, ka yi kuskure, ka san abin da ya sa. Ai don wannan aka kafa kwalejojin fasaha, don shi aka samar da hukumar NBTE a Kaduna tun 1977, don shi ake tura mu SIWES.

Wanda ke ganin abin wasan yara ne, ya duba tarihi. A 2001 Microsoft ta fitar da Xbox ta farko. A cikinta kwamfuta ce sosai, da hadis ɗinta da komai. Wasu masu sha'awa, ba ma'aikatan kamfanin ba, suka buɗe ta suka rubuta mata manhajar kallon fim a gida, wadda aka sani da XBMC. A 2014 aka sauya mata suna zuwa Kodi, kuma yau tana aiki a waya da kwamfuta da akwatunan Android da ake jonawa a talabijin. Daga tsohuwar na'urar gem aka faro. PS2 kuwa ta fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, shi ya sa tokumbonta ta cika kasuwanninmu. Kayan gwaji ne a zube, mai arha, muna tsallake shi.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce, "Malam, ka sayi akwatin Android mana ka huta." Gaskiya ne, ya fi sauri, hotonsa ya fi kyau, mai kuɗi ya saya. Amma a gidanmu kuɗin akwatin nan kuɗin taki ne. Kuma yawancin daɗinsa sai da data, ga shi tun farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Filashi ɗaya da aka cika a gari yana riƙe gida wata guda.

Wani kuma zai ce wannan hanyar satar fasaha ce. Wannan maganar tana da nauyi, ba zan kauce mata ba. Kowa ya san irin ɓarnar da kwafar fina-finai ta yi wa 'yan Kannywood, har da yawansu suka koma YouTube. Ƙofar da Free McBoot ke buɗewa, ɓarawo ma yana iya bi ta cikinta. Amma wuƙar da ke yanka albasa ita ke yanka yatsa, ba a hana kicin wuƙa. A filashinmu akwai bikin yayata, sunan ɗan Yaya, karatun Alƙur'ani, da darussan lissafi da na ɗauka da wayata saboda ƙanwata mai shirin NECO. Wanda ya zuba haƙƙin wani, shi da Allah.

Don haka ina da roƙo biyu. Na farko ga malamanmu, cikin ladabi: a buɗe ƙofar furojet ɗin gyara, a tsaurara sharaɗi yadda ake so. Ɗalibi ya kawo na'urar a mace a gani, ya rubuta awon da ya yi, da kuɗin da ya kashe, da abin da ya ƙona. Ranar difens a ba shi sukundireba ya buɗe a gaban kowa. Na biyu ga shugabannin ƙungiyarmu: cikin kuɗin da muke biya duk shekara, a ware na tebur ɗaya, mita biyu, da ƙarfen soda. Duk Asabar mai mataccen abu ya kawo, fanka ce, caja ce, tocila ce, maza da mata, 'yan lantarki da 'yan kwamfuta mu taru a kai. Ba sai an jira shati da fastoci ba.

Mu 'yan ND II saura mana 'yan watanni. Furojet ɗin da aka ba ni zan yi shi, da hannuna in sha Allahu. Amma ƙannenmu na ND I, idan kun je hutu ku leƙa ƙarƙashin gado kafin ɗan jari-bola ya riga ku. Wanda ya samo PS2 ya neme ni a sashen lantarki, memorina na nan, zan kwafa masa kyauta. Allon rage wutar ne dai kowa ya sayi nasa, kuma don Allah ku sayi babba.